Motar tafi-da-gidanka ta dala 89,000: in saya ko in haƙura?

Baban Ilham, Columbus
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar RV, wato motar tafi-da-gidanka. Ranar Asabar muka je baje kolin motocin tafi-da-gidanka ni da iyali, kuma tun da muka dawo yara ba su bar ni na sha ruwa ba. Wadda ta shiga ranmu irin ƙaramar nan ce da ake kira Class C, mai gado a saman kan direba, tsawonta ƙafa 24, a kan Ford E-350. Sabuwa dal. Takardar jikin gilashi ta ce dala 118,000, amma dilan ya ce albarkacin baje koli zai bar min a 89,000 idan na sa hannu kafin yammacin Lahadi. Ban sa ba. Niyyata in an yi hutun makaranta mu riƙa zagaya ƙasar nan ta Amurka, mu ga gandun daji na Yellowstone, mu kai ziyara Houston, babu wahalar otal, babu neman abincin halal a bakin hanya. Tambayata ita ce, waɗannan masu sauƙin kuɗin suna da ƙwari kuwa? Don da na ja wata durowa a kicin ɗin sai na ji kamar za ta biyo hannuna.

Injiniya, Houston
Wa alaikumus salam. Da farko dai kada wannan ragin ya ruɗe ka. A harkar RV babu mai biyan kuɗin da aka liƙa a gilashi. Ragin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari shi ne farashin kullum, da baje koli da babu. Ka koma ranar Laraba, za ka tarar da ita da farashin suna jiran ka.

Ɗan Maraɗi, Goshen
Baban Ilham, Allah ya taimake ka da ba ka sa hannu ba. Ni a nan nake cin abinci, na yi aiki a layin haɗa su kafin in koma tuƙin babbar mota. Mafi yawan RV ɗin Amurka daga yankin nan namu suke fitowa, Elkhart da Goshen da Middlebury a arewacin Indiana. Abin da za ka fara ganewa shi ne abu biyu kake saye a kuɗi ɗaya. Akwai mota, akwai ɗaki. Motar, wato injin da giya da shasi, Ford ne ya ƙera, ya turo ta da kan direba kawai, bayanta tsirara. Wannan ɓangaren ba shi da matsala, irinsa ake ɗora wa motar asibiti da ƙananan bas, injin V8 ne mai lita 7.3, zai kai ka inda kake so. Ɗakin kuwa mu ne muke ɗora shi, kuma a masana'antu da yawa ba da awa ake biyan ma'aikata ba, da yawan abin da aka fitar ne. Tun kafin asuba an fara, kowa na gudu don a cika adadin ranar a tashi. Mutum ɗaya ya makara da gam a bakin taga, layi ba ya jiran sa. Bangon da kake gani mai sheƙi, fatar fayiba ce a waje, soso a tsakiya, siririn falanki a ciki, an manne su da gam. Kabad ɗin kicin da ƙusar bindiga ake harba su. Durowar da ka ja ba ta yi maka ƙarya ba.

Maman Walid, Maryland
Kai Ɗan Maraɗi, ka tsorata bawan Allah tun bai fara ba. Mu muna da ƙaramar tirela da muke ja da motar gida, ita ma ta masu ƙaramin ƙarfi ce, kuma wallahi ba mu yi da-na-sani ba. Eh, abubuwa suna kwancewa. Maigida yana da akwatin sukurdireba da ba ya sauka daga cikinta. Amma ku da ba ku girki ba za ku gane daɗin abin ba. In dafa tuwona da miyar kuka a gindin dutse a Shenandoah, yara su yi alwala a banɗakinmu mai tsabta, mu shimfiɗa darduma mu yi sallah ba mai kallon mu. Duk wadda ta taɓa shiga banɗakin gidan mai da yara uku da buta a jaka ta san abin da nake faɗa.

Ɗan Maraɗi, Goshen
Hajiya ban ce kada a saya ba. Na ce a san abin da ake saye. Taki tirela ce, kuɗinta bai kai rubu'in wannan ba, in ta lalace asarar mai ɗaukuwa ce.

Baban Ilham, Columbus
To idan na ƙara kuɗi na ɗauki ta wani kamfanin fa? Na ga sunaye sun fi ashirin a wurin. Wanne ne Toyota a cikinsu?

Injiniya, Houston
Sunayen ne da yawa, iyayen gidan kaɗan ne. Thor ce ke da Jayco tun 2016, ita ke da Keystone da Airstream, ta kuma sayi Tiffin a 2020. Forest River, wadda Coachmen ke ƙarƙashinta, ta Berkshire Hathaway ce, kamfanin Warren Buffett, tun 2005. Sai Winnebago da ta haɗa da Grand Design da Newmar. Waɗannan ukun su ne kusan duk kasuwar. Sannan kayan ciki ma wuri ɗaya ake saro su: na'urar sanyaya ɗaki ta Dometic ko Coleman, janareta na Onan, ƙarfen ɗakin da ke zamewa waje galibi na Lippert. Za ka shiga ta dala 90,000 ka shiga ta 130,000 ka tarar famfon ruwa iri ɗaya ne. Inda bambancin yake shi ne a rufi, a abin da aka cusa cikin bango, da kuma ko wani ya tsaya ya duba aikin kafin ta bar masana'anta. Wasu suna sa wani allo da ake kira Azdel maimakon falanki, shi ba ya ruɓewa in ya sha ruwa. Wannan ya fi a ce maka an ƙara talabijin a waje. Ka tambayi dilan me ke cikin bangon, ka ga ko ya sani.

Abu Sumayya, Minneapolis
Bari in ba ku nawa labarin, ba ji na yi ba. Sabuwa na saya a 2021, lokacin da korona ta sa kowa ya haukace da RV. A shekarar ce aka fitar da sama da 600,000 a ƙasar nan, abin da ba a taɓa yi ba, zuwa 2023 ya faɗo kusan rabi. To ku auna irin saurin da aka yi wajen haɗa su. Damina ta farko ba mu ga komai ba. Bayan ƙanƙara ta narke na buɗe ta, na hau gadon saman direba zan ɗauko bargo, sai na ji katifar da sanyi. Na ɗaga, falankin ƙasa ya yi baƙi, na danna da yatsa ya lotsa. Ashe ta gefen ƙananan fitilun nan na goshin mota ruwa yake bi, ɗigo ɗigo, tun ba a sani ba. Na kai wa dila da garantina a hannu. Tambayar farko da suka yi min: ina shaidar cewa kana duba gam ɗin rufi kamar yadda littafi ya ce? Da ƙyar aka yarda za a gyara, sannan ta zauna a garejinsu tana jiran kaya har lokacin zafi ya wuce, ni kuma ina biyan banki da inshora kowane wata. Garantin shekara ɗaya ne, kuma kwanakin da ta yi a gareji a cikin shekarar ake lissafa su.

Maman Walid, Maryland
Subhanallah. Ba ka kai su ƙara ba? Ai akwai dokar mayar da mota in ta fito da aibi.

Abu Sumayya, Minneapolis
Akwai, amma a jihohi da yawa dokar ɓangaren mota kawai ta sani. Ɗakin da ke baya ba ruwanta da shi. Kuma mai shasi zai ce ka je wurin mai ɗaki, mai ɗaki ya ce firij ba nasa ba ne ka kira masu firij.

Malam Na-Zariya
Jama'a duk kuna ta maganar rufi da gam, babu wanda ya tambayi ta ina kuɗin za su fito. Baban Ilham, lakadan za ka biya ko bashi ne?

Baban Ilham, Columbus
Malam, zan ba da 9,000, sauran sun ce za a raba min shekara 20, ba zai kai 700 a wata ba.

Malam Na-Zariya
To ka ji. Ni ba zan yi maka wa'azi ba, ka san hukuncin kuɗin ruwa kamar yadda na sani. Waɗanda suka yi sassauci ma a kan gidan zama suka yi, saboda lalura. Motar yawon buɗe ido kuma wace lalura ce? Wannan tsakaninka da malamanka. Amma ko a lissafin duniya abin bai zauna ba.

Injiniya, Houston
Bari in ƙarasa wa Malam lissafin. Dala 80,000 a kan ruwa kashi 8 cikin ɗari, shekara 20, zai kama kamar 669 a wata. Ka ninka sau 240, ka biya sama da 160,000. Wato ka sayi biyu ka karɓi ɗaya. Ita kuma tun ranar da ka fito da ita daga harabar dila ta fara zubar da daraja, shekarun farko sun fi muni. In ka gaji da ita bayan shekara uku, abin da za a saye ta bai kai bashin da ya rage ba, sai ka ciko daga aljihu kafin ka rabu da ita. Ban sa inshora ba. Ban sa kuɗin ajiya ba, don unguwanni da yawa ƙungiyar masu gidaje ba ta yarda ka faka ta a ƙofar gida. Ban sa mai ba: irin wannan mil 8 zuwa 10 take yi a galan. Daga Columbus zuwa Yellowstone da dawowa ya haura mil 3,000, ka tanadi galan 350 ko fiye. Kuma wurin kwana ba kyauta ba ne, masu wuta da ruwa wasu sun kusa kuɗin ƙaramin otal. A cikin Yellowstone ma wuri ɗaya ne ke da cikakken layin wuta da ruwa, Fishing Bridge, kuma tun da watanni ake kama shi.

Maman Walid, Maryland
Injiniya kai komai sai ka sa masa kalkuleta. In haka ne ai haihuwa ma asara ce.

Injiniya, Houston
Hajiya ki yafe ni, aikin ne ya bi jiki. Amma tambaya ɗaya ce tak: dare nawa za a kwana a cikinta a shekara? Wanda ya yi ritaya, yana kwana ɗari a hanya, ta biya shi. Baban Ilham hutun mako uku yake samu a wurin aiki, kuma na san biyu daga ciki Kano yake kai su.

Baban Ilham, Columbus
Injiniya ka tona min asiri a bainar jama'a.

Alhaji Mai Tireloli
Ni wani tunani ne ya zo min. Me zai hana a sayi ta hannu mai araha a loda ta a jirgin ruwa zuwa Legas? A gida sai ta fi amfani. Ka je Yankari da iyalinka, ka yi wanka a Wikki, ka kwana a cikin abinka. Ko a ba 'yan siyasa haya lokacin kamfen, ko masu shirya fim.

Ɗan Maraɗi, Goshen
Alhaji, da girmanka, wannan ɗakin a kan titin Amurka ma girgiza ce ke kashe shi. Ka bi da shi hanya mai ramuka, kafin ka isa Bauchi ƙofofin kabad suna cinyar fasinja. Sannan wutarta 120 ce, tamu ta gida 230, in ka jona ta kai tsaye ka ƙona komai. Na'urar sanyin da ke kan rufi an yi ta ne don zafin nan, ba don watan Afrilu a Sakkwato ba, kuma janareta zai kwana yana shan fetur, ga kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a 2023. In famfo ko allon wuta ya mutu, a Kofar Ruwa za ka samo shi? In dai don gida ne, ka sayi Hiace ko Coaster, ka kira mai walda da kafinta na ƙwarai su yi maka gado da kicin. Duk garin da ta tsaya akwai makaniken da ya san ta.

Alhaji Mai Tireloli
Maganar kayan gyara gaskiya ce. Amma kada ka raina makanikan gida, na ga sun tada abin da Bature ya ce ya mutu.

Abu Sumayya, Minneapolis
Alhaji ba makanike ne matsalar ba. A ina za ka faka ta ka yi barci da ido biyu rufe? Farar mota ƙatuwa a bakin daji da dare, ai ka yi wa kanka talla.

Ɗan Zango, Hamburg
Ina ta karanta ku ina mamaki. Mu a nan Jamus lamarin ya ɗan bambanta. Yawancinsu a kan Fiat Ducato ake gina su, injin dizal, ba su kai naku girma ba, ba su kuma sha kamar naku. Lasisin ƙaramar mota kilo 3,500 ya tsaya, don haka kamfanoni suna fama ne da rage nauyi. Masu sauƙin kuɗi akwai su Sunlight da Carado, masana'anta ɗaya ke yin su a Saxony, ƙarƙashin Hymer, sai su Roller Team da Chausson na Trigano. Abin dariya, Hymer ɗin ma Thor ɗinku ta saye shi a 2019. Abin da na ga ya fi naku shi ne garantin yoyo na shekaru da yawa, biyar zuwa sama, amma da sharaɗin ka kai a auna danshi duk shekara ka biya. Ka tsallake sau ɗaya, garanti ya tashi. Su ma dai sun san ruwa ne ajalin abin.

Injiniya, Houston
Ɗan Zango ya tuna min da nauyi. Baban Ilham, a bakin ƙofar akwai wata takarda ruwan ɗorawa da ke faɗin nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Ka karanta ta kafin ka kalli kalar labule. Ruwa kaɗai, galan 40 ya haura fam 330. Ga ku shida, ga buhun shinkafa, ga tukwanen Maman Ilham. E-450 ta fi E-350 ɗaukar kaya, shi ya sa in tsawo ya ƙaru ake komawa kanta. Yawan fashewar taya da ake gani a irin motocin nan lodi ne da tsufan taya.

Maman Walid, Maryland
Tunda an zo nan, ni ma ina da tambayar da maza ba za su yi ba. Ina za a ɗaure kujerar jariri? Kujerun baya wasu gefe suke kallo, wasu bel ɗin ƙugu kawai gare su, kuma benci ne na katako a jikin teburin cin abinci. Wannan na cikin dalilin da ya sa muka zaɓi tirela: yara suna cikin motar gida a ɗaure yadda ya kamata, ɗakin yana biye a baya. In mun isa mu kwance ta, mu shiga gari da mota. Kai kuwa ko burodi za ka saya sai ka naɗe wayar wuta da tiyon ruwa ka tafi da gidan gaba ɗaya.

Sai maganar tanki. Kowa yana son banɗaki, amma akwai wanda zai sa safar hannu ya ja tiyon ƙazanta ya juye. Mu masu tsarki da ruwa tankinmu ya fi saurin cika, kodayake an ce hakan ya fi masa lafiya, don ƙarancin ruwa ne ke sa ƙazantar ta taurare. Ku yi yarjejeniya da Maman Ilham tun yanzu aikin waye. A gidanmu dai ba nawa ba ne.

Baban Ilham, Columbus
Hajiya wannan ai ba sai an yi zama ba, na san inda zai faɗo. To idan ta hannu ce fa? Na ga wasu na shekara biyar zuwa takwas a kusan rabin kuɗin.

Ɗan Maraɗi, Goshen
Nan ne kuɗinka zai yi aiki, in ka iya duba. Mai ita na farko ya riga ya sha faɗuwar daraja, ya kuma gyara abin da muka bari a kwance. Amma kada ka kalli mil. RV mai mil kaɗan da ta shekara a ajiye a rana ta fi mai yawo lalacewa. Ka shiga ka rufe ƙofa ka shaƙa, in ka ji warin danshi ko an fesa turare da yawa, ka fita. Ka taka ko'ina a ƙasa, musamman bakin ƙofa da gaban banɗaki, ka ji ko yana lotsawa. Ka tsaya a gefenta da hantsi ka kalli bangon a karkace, in ka ga ya kumbura ko yana igiyar ruwa, fatar ta rabu da falanki, kuma gyaran wannan ya fi ƙarfin aljihu. Ka hau rufi da kanka. Taya kuma akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ta wuce shekara shida ka cire kuɗin taya shida daga ciniki ko da zanenta sabo ne. A kunna janareta a sa masa na'urar sanyi ya yi awa guda. Bayan duk wannan ka biya mai duba RV mai takardar NRVIA, ƙungiyar masu duba RV, wanda ba yaron dila ba. Ko sabuwa ce ka kira shi.

Abu Sumayya, Minneapolis
Ka ƙara da cewa mu na wurin sanyi, duk kaka sai an zuƙe ruwan bututu an zuba maganin daskarewa mai ruwan hoda. Ka tambayi mai ita ko yana yi. Ohio ma ƙanƙara take.

Injiniya, Houston
Akwai kuma waɗanda kamfanonin haya irin su Cruise America ke sayarwa bayan sun gama da su. Mil ɗinsu da yawa, cikinsu babu ƙyale-ƙyale, yawanci babu ɗakin da ke zamewa, wanda ni a wurina alheri ne, abin lalacewa ya ragu. Amma kafin komai, ka ɗauki haya na mako ɗaya a wannan hutun. Ko a wurinsu ko a Outdoorsy, shafin da masu RV ke ba da hayar nasu. Ka tuƙa ta cikin iska a babban titi tirela na wuce ka, ka kwana da yara huɗu a ƙafa 24 ranar da ake ruwa. Kuɗin hayar bai kai abin da za ka rasa a watan farko na sabuwa ba.

Malam Na-Zariya
Haya kam babu shubuha a cikinta.

Baban Ilham, Columbus
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Dilan ya kira ɗazu, wai manajansa ya amince da 86,500 amma yau kaɗai. Na ce masa ina shawara da 'yan'uwa. Za mu gwada hayar a watan Yuli, mu fara da kusa, wajen tafkin Michigan. Ɗan Maraɗi, in muka biyo ta Goshen za ka raka ni mu ga yadda ake haɗa su? Na ji wasu masana'antun suna barin baƙi su shiga.

Ɗan Maraɗi, Goshen
Suna bari, amma sai an yi rajista, kuma sau da yawa da rana ake zagayawa da baƙi bayan ma'aikata sun tashi. Ka sanar da ni da wuri in duba ranar da ba na hanya. Ku zo da kilishi.

Alhaji Mai Tireloli
Ni dai har yanzu ba a gamsar da ni kan maganar 'yan kamfen ba. Wa ya san nawa ake loda mai ƙafa 24 daga Baltimore zuwa Kwatano?